Ƙarfin Gwiwa: Jagorar Hawan Dutse Ga Wanda Ya Tashi Daga Jinyar Hatsari

Bahaushe a gwiwa ya ajiye ƙarfin hali. In mutum ya samu mai tallafa masa sai a ce an ƙarfafa masa gwiwa, in ya sare a ce gwiwarsa ta yi sanyi. Shekaru na yi ina aiki a sashen gashin ƙashi, ina lanƙwasa gwiwoyin mutane ina miƙewa, amma ban san zurfin wannan magana ba sai da babur ya kayar da ni a titin Kano zuwa Daura, ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye, aka sa mini ƙarfe. Bayan wata biyar likita ya ɗaga hoton ƙafar a fuskar haske ya ce, "Malam, ƙashi ya haɗe, sai godiya." Na yi hamdala. Amma in na zo tsallake kwata sai in tsaya ina auna ta da ido kamar rafi. In mota ta yi hon a bayana, gabana ya yanke ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura.

Duwatsun garinmu ne suka fitar da ni daga wannan hali. Kazaure gari ne da tsaunuka suka rungume, har tarihin baka yana cewa sunan ma daga "kamar zaure" ya samo asali, saboda yadda kwarin yake a tsakanin duwatsu. Tun kafin Ɗantunku ya kafa masarautarsa a nan a 1819 mutane suke zaune a gindinsu, makiyaya suna hawa da awaki, yara suna hawa cin 'ya'yan itace. Haka ƙasar take har Roni da Gwiwa. Ba mu da tsauni mai ƙanƙara, kuma ba ma bukatarsa. Abin da mai jinya yake bukata shi ne gangare mai duwatsu wanda zai hau ya sauko kafin rana ta take.

Tun daga lokacin nake raka waɗanda suka tashi daga karaya ko targaɗe mai tsanani, kuma kusan kuskure ɗaya nake gani. Saurayi ya kalli bidiyon Arunima Sinha a waya, 'yar Indiyar nan da ɓarayi suka jefo daga jirgin ƙasa a 2011 aka yanke mata ƙafa, ta kuma taka ƙololuwar Everest a watan Mayun 2013, sai jininsa ya hau, gobe da safe ya nufi dutse da silifas. Bai lura da cewa shekara biyu ce tsakanin faɗuwarta da hawanta ba, kuma horo ta yi ta yi a cikinsu. Na ga wanda ya koma gado da kumburarriyar gwiwa saboda wannan gaggawa, tsoronsa ya ninka na da. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani. Da kai nake magana, ɗan'uwa, da ke kuma 'yar'uwa, don ƙa'idar duk ɗaya ce.

Abin da za a tanada

Takalmi ne farko, kuma a kansa nake faɗa da kowa. Kambas mai igiya, mai zane mai zurfi a ƙasansa, wanda ya riƙe diddige. Na gwanjo ya wadatar in ƙasansa bai sule ba. Silifas da takalmin fata mai santsi su zauna a gida. Kada ka fara sa sabon takalmi ranar hawa. Ka yi mako guda kana yawo da shi.

Sai sanda, irin ta makiyaya, wadda ba ta lanƙwasa in ka ɗora mata nauyi. Ka samu wadda ta kai maka ƙirji don ka iya sauya wurin riƙo: ƙasa-ƙasa in ana hawa, sama-sama in ana gangarowa. Ka sa wa gindinta roba, ko ka ɗaure shi da yankin tsohon tayar keke, don busasshen ice yana zamewa a kan falalen dutse.

Ruwa lita biyu ga kowane mutum, wato leda huɗu ta fiya wata, da ledar gishiri da sukari ɗin nan ta kemis guda ɗaya. Dabino ko gyaɗa. Malafa. Dogon wando mai kauri saboda ƙaya da ƙarangiya. Bandeji mai talewa. Waya cike da caji. Duk a zuba a jakar goyo, don hannu ɗaya na sanda ne, ɗayan na dafa dutse. Babbar riga ba ta hawa dutse, ga mace kuma dogon hijabi mai jan ƙasa yana harɗe ƙafa. Ta sa wanda ya tsaya a gwiwa, da wando a ciki.

Na ƙarshe ɗan rakiya, kuma ya fi duk sauran kaya muhimmanci. Zan dawo kansa.

1. Nemi izinin likita, ka kuma yi masa tambayar da ta dace

Kada ka ce, "Likita, na warke?" Zai ce maka ka warke, yana nufin ƙashi ya haɗe. Ka ce masa, "Zan iya ɗora wa ƙafar nan duk nauyina a kan gangare mai duwatsu?" Wannan tambaya ce daban, kuma amsarta sai an duba hoto. Ƙashin ƙwauri na babban mutum yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya haɗe sosai, wani ya fi haka, musamman mai shan taba ko mai ciwon sukari. In maɗori ne ya yi maka ɗori a gida, ka girmama aikinsa, amma ka je a ɗauki hoto, a babban asibitin Kazaure ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Hannu ba ya ganin ƙashin da ya haɗe a karkace.

Wanda ya bugu a ka kuma har yanzu jiri yana ɗibarsa, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai sikila, duk kada su taka dutse sai likitansu ya amince da bakinsa. Wanda kuma sharaɓarsa ta kumbura ta yi zafi haka kawai, asibiti zai nufa a ranar, don yana iya zama gudan jini ne a jijiya.

2. Gina ƙafar a tsakar gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙafar da ta yi watanni a kwance ta rame. Ka auna cinyoyinka biyu da zare, za ka ga bambancin da idonka. Tsokar gaban cinya ita ce birkin jiki, ita take riƙe ka in kana gangarowa, kuma ita ce take fara zubewa a jinya. Akwai kuma wani abu da hoto ba ya nunawa: ƙananan jijiyoyin da ke cikin gaɓoɓi, masu gaya wa ƙwaƙwalwa yadda tafin ƙafa ya zauna a ƙasa ba tare da ka duba ba. Rauni da dogon kwanciya suna dakushe su. Rabin abin da kake kira tsoro daga nan yake: ƙwaƙwalwa ba ta samun labari mai kyau daga ƙafa, sai ta ƙi yarda da ita. Ba ragwantaka ba ce.

Aikin mai sauƙi ne, sai dai yana son naci. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, safe da yamma. Ka tsaya da ƙafar mai ciwo kaɗai kusa da bango, kana ƙirga daƙiƙa. Ka samu bulo ɗaya ko dokin ƙofa, ka hau ka sauko a hankali, kana lura kada gwiwa ta karkata ciki. Ka riƙa tafiya masallacin da ya fi nisa maimakon na ƙofar gida. Mutumin Babura, inda ƙasa take shimfiɗe, yana da nasa rabon: tafiya cikin rairayi tana motsa idon sawu ƙwarai, sai ya yi ta yi kafin ya shigo Kazaure neman dutse.

Ba na kai kowa gindin dutse sai ya yi tafiyar minti 30 ba ɗingishi, ya tsaya da ƙafar mai ciwo daƙiƙa 30, ya kuma sauko matakalar bene ba tare da ya rungume bango ba. Wani mako uku ya ishe shi, wani sai wata biyu.

3. Zaɓi dutse da lokaci, ka yi sallama da masu wurin

Da ɗan gari akan ci gari. Ka je wurin mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke kusa ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka tambayi makiyaya hanyar da suke bi da dabbobi, don turbar da saniya ta yarda ta bi ta fi wadda idonka zai zaɓa daga ƙasa. Su ne kuma za su gaya maka kogon da zuma ta yi gida, da gefen da masu fasa dutse suke aiki.

Hunturu ne lokacin farawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, dutse kuma yana riƙe zafi kamar tanda. In dole ne, a fita bayan sallar asuba da gari ya waye, a sauko kafin ƙarfe tara. Da damina falalen dutse yana santsi, ciyawa tana rufe ramuka, kuma kan tudu ba wurin tsayuwa ba ne in hadari ya haɗo, saboda aradu. Da azumi a bakinka kada ka hau.

4. Zaɓi ɗan rakiya

Ba kowane masoyi ne ya dace ba. Akwai mai zuga: "Haba, kai fa namiji ne, taka kawai!" Akwai mai tausayin da ya wuce kima, wanda kowane taku sai ya riƙe maka hannu yana salati. Na farko zai kai ka inda za ka ji ciwo, na biyu zai tabbatar maka cewa kai ba ka iya ba. Wanda ake so shi ne mai haƙuri, mai ƙarancin surutu, mai ƙarfin da zai iya tallafe ka. Matsayinsa a ƙasanka yake kullum: a bayanka in ana hawa, a gabanka in ana sauka. Ku yi alkawari tun a gida cewa in ɗaya ya ce a juya, an juya, ba gardama. Ku kuma gaya wa mutanen gida dutsen da kuka nufa da lokacin dawowa.

5. Ranar farko, gindin dutse kawai

Nan ne ake raina ni. Mutum ya yi shiri, ya sayi takalmi, sai in ce masa yau minti goma za mu hau mu juyo. Dalilin shi ne tsoro ba ya gushewa da a afka masa gaba ɗaya, kuma ba ya gushewa da a guje masa. Yana raguwa ne in ka tsaya a gabansa daidai gwargwadon da za ka iya ɗauka, har jiki ya gane ba abin da ya faru. Masana halayyar ɗan Adam da wannan hanya suke yi wa masu firgita magani, mataki bayan mataki. Ka auna tsoronka daga ɗaya zuwa goma. In yana huɗu ko biyar, wurin aiki ke nan, ka tsaya nan har ya sauko. In ya kai takwas, ka yi nisa, koma baya kaɗan.

Ka sa alama a inda ka tsaya: wata aduwa, wani dutse mai tsaga. Bayan kwana biyu ko uku ka dawo ka wuce ta da kaɗan. Amfanin dutse ke nan a kan tafiyar titi: ci gabanka a fili yake, kana iya nuna shi da yatsa. Zuciyar da ta daina yarda da lallashi tana yarda da abin da ido ya gani.

6. Yadda ake taka dutse

Gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba. Sanda a hannun da yake ɗaya gefen: in ƙafar hagu ce mai ciwo, sanda a dama, su riƙa tafiya tare. Da yawa suna riƙe ta a gefen ciwon, sai jiki ya karkata, ƙugu ya ɗauki wahala. In ka zo wurin da sai an ɗaga ƙafa sosai, mai lafiya ce take fara hawa, ta jawo 'yar'uwarta. Kada ka miƙe gangare tsaye. Ka yi ta karkacewa dama da hagu yadda awaki suke yi. Duk dutsen da za ka taka ko ka dafa, ka fara zungurarsa da sanda. Duwatsun yankin nan suna da ɓaraguzai da tsakuwa masu mirginawa, kuma su suka fi kayar da mutane, ba manyan ba.

Ma'aunin sauri shi ne magana: in ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da haki ya yanke ta ba, rage. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka. In ciwon kai ya zo da tashin zuciya da jiri, zafi ne ya fara cin ka: inuwa, ruwan gishiri da sukari, a jiƙa jiki, a sauka. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, asibiti kai tsaye.

Kada ka sha maganin kashe ciwo mai ƙarfi don ka samu ka hau, balle tiramadol. Ciwo ɗan saƙo ne. In ka toshe masa baki, ba mai gaya maka lokacin da ƙafa ta gaji.

Kada kuma ka zura hannu a tsagar da ba ka ga cikinta ba, kada ka zauna a kan dutse ba ka duba gindinsa ba. Kububuwa ƙarama ce, launinta launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi da ɗan ice da bandeji, a ɗauki mutum zuwa asibiti a nemi allurar kashe dafi.

7. In tsoro ya taso a tsakiyar hanya

Zai taso, kuma ba ya sallama. Na taɓa raka wani malamin firamare daga ƙasar Roni, wanda motar haya ta kife da su. Muna cikin tafiya lafiya sai wata tsakuwa ta zame a ƙarƙashin takalminsa ta gangara tana ƙara. Nan take ya ƙame. Zufa ta keto masa cikin sanyin hunturu, sanda tana rawa a hannunsa, ya ce, "Yaya, ƙafata ba ta nan." Ban ja shi ba, ban ce masa ba komai ba, don a wurinsa akwai komai. Na ce ya zauna, ya dafa dutse da tafukansa biyu ya ji sanyinsa. Na ce ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali ta baki, fitar ta fi shigar tsawo. Yana yi yana ambaton Allah. Sai na ce ya lissafa mini abin da yake gani a kusa: ya ce ga sabara, ga kashin awaki, ga wani ƙadangare. Kafin mu cinye dabino uku-uku, hannunsa ya daina rawa.

Abin da ya biyo baya shi ne muhimmi. Ban bar shi ya juya a lokacin ba. Na ce, "Malam, taku biyar kawai, zuwa wancan dutsen, sannan mu koma." Ya yi su. In mutum ya gudu a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙarshe, abin da jikinsa zai riƙe shi ne gudu ne ya cece shi, gobe tsoron ya dawo da ƙarfi. In ya jira ya lafa, ya ƙara ko taku biyu ne, da wani labarin zai koma gida. Wannan fa in wurin ba shi da hatsari ne kuma ƙafa ba ta ciwo. In akwai ɗaya daga ciki, a juya.

Ba kowane ciwo ne dutse yake maganinsa ba. Wanda ya wuce wata guda yana mafarkin hatsarin, yana firgita cikin barci, ba ya iya shiga mota, ko ya ji rayuwa ta fita daga ransa, yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, kuma ganinsa ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana raunata mutum miliyan 20 zuwa 50 duk shekara. Ba kai kaɗai kake ɗauke da wannan nauyi ba.

8. Saukowa

Duk wanda na gani ya ji ciwo a dutse, a hanyar dawowa ya ji shi. An gaji, an yi murna, hankali ya riga ya isa gida. Ga shi kuma a gangare nauyin da yake sauka a kan gwiwa yakan ninka nauyin jiki sau uku ko fiye, a kan tsokar nan da ta fi ramewa. Don haka ka juyo tun kana da fiye da rabin ƙarfinka, ko da ƙololuwa tana gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ƙa'idar hawa tana juyewa: sanda ta fara sauka, sai ƙafar mai ciwo, sai mai lafiya, domin wadda ta rage a sama ita take lanƙwashewa ta riƙe nauyi. Gwiwa a ɗan sake, kada a ƙame ta. Kada ka kwantar da jiki baya don tsoron gangare, nan ne diddige yake zamewa. Inda ya yi tsayi ka sauko a gicciye, gefen jikinka yana fuskantar dutse. Inda ya fi haka, ka zauna ka ja gindi. Ba wanda ya taɓa karyewa saboda ya zauna.

9. Washegari

Jiki magayi. Tsamin tsoka a cinya da sharaɓa ba laifi, alamar aiki ce, takan kai kwana biyu. Amma in gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ko ciwo ya tsaya a daidai wurin karayar, ko ɗingishi ya dawo ya wuce kwana guda, ka yi yawa: huta, ɗaga ƙafar, ka koma alamar da ta gabata. In ciwon kan ƙashi ya ƙi tafiya, a sake hoto. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, da inda ka kai, da lambar tsoronka. Ranar da gwiwa ta yi sanyi, shi za ka buɗe.

Ni sai a fita ta goma sha ɗaya na kai saman dutsen da na zaɓa. Daga can ana hango ruwan dam yana ƙyalli, da rufin kwanon gari, da titin Daura ya miƙe, motoci a kansa kamar tururuwa. Na daɗe ina kallon titin nan. Ƙanena da ya raka ni ya ce, "Yaya, rana tana yi." Na sha ruwa, na ƙara ɗaure igiyar takalmi, na sa sanda a gaba, sannan ƙafar hagu.